Jikan Mai Molo

Ni ɗan aji biyu ne na ƙaramar sakandare. Waɗanda muke aji ɗaya sun san sunan da aka laƙa mini tun zangon da ya wuce, wato Jikan Mai Molo. Da farko in aka kira ni haka sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sau biyu na yi dambe a kan sunan nan, na biyun har aka sa ni sharar gaban ofis kwana uku. Yau ga shi ni da hannuna na rubuta shi a saman takardar nan.

Kakana, mahaifin babana, masassaƙi ne. Turmi da taɓarya da ƙotar fartanya su ne suke ciyar da shi. Amma abin da aka fi saninsa da shi, daga nan Bagudo zuwa Illo da Lolo har tsallaken iyaka cikin ƙasar Benin, shi ne haɗa kayan kiɗa masu tsirkiya. Yana yin molo, yana yin gurmi, wani lokaci har garaya in mafarauta sun nema. Shi ba maroƙi ba ne. Bai taɓa zuwa gidan biki ya yi kiɗa an liƙa masa kuɗi ba. Yana kaɗawa ne kawai don ya ji ko abin da ya haɗa yana magana. Haka yake cewa, magana. In molo bai yi zaƙi ba sai ya ce bebe ne, ya kwance shi ya sake.

Na lura da yawa daga cikinmu duk abin da ke da tsirkiya sai mu ce garaya. To ba haka ba ne. Molo itace ake fafewa kamar ɗan ƙaramin kwalekwale, a rufe bakin da fata, tsirkiyarsa uku, ɗaya ta fi sauran gajarta. Gurmi kuwa da rabin duma ake yin sa, shi ne wanda marigayi Haruna Uji na Haɗeja ya yi suna da shi. Kuntigi tsirkiya ɗaya tak gare shi, ana iya yin sa da gwangwanin kifi, kuma da wannan ɗan abin marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya zaga duniya. Goge da kukuma su ba a kaɗa su da yatsa, goga su ake yi da wani ɗan baka mai gashin wutsiyar doki. Kaka ba ya yin goge. Ya ce ya taɓa gwadawa yana saurayi, abin ya fito yana kuka kamar kyanwar da aka take wa wutsiya, shi ke nan ya bar wa masu shi.

Yadda sunan ya samo asali shi ne, wata rana a darasin al'adu da fasaha malaminmu ya nuna mana hoto a wayarsa. Wata 'yar ƙaramar jita ce mai tsirkiya huɗu, ya ce sunanta ukulele. Ya ce a tsibirin Hawayi aka fara yin ta, can tsakiyar teku, yanzu yana cikin ƙasar Amurka. Wasu kafintoci uku ne daga tsibirin Madera na ƙasar Fotugal suka isa can cikin jirgin ruwa a 1879, aikin gonar rake ya kai su, daga baya suka koma sana'arsu ta itace suna yin irin ƙananan jitocin garinsu, har abin ya zama na mutanen Hawayi. Malam ya rubuta sunayensu a allo: Manuel Nunes, Augusto Dias da José do Espírito Santo. Sannan ya nuna mana wani wai shi banjo, ya ce bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka fara haɗa shi a can ƙetaren teku, da duma da fata da sanda, kuma shi ma yana da gajeriyar tsirkiya ɗaya. Ina ganin hoton tsohon banjon nan na duma, bakina ya riga hankalina. Na ce, “Malam, ai wannan gurmi ne, kakana yana yin irinsa.”

Aji ya fashe da dariya. Wani daga baya ya ce ashe jikan maroƙa ne a cikinmu, wani ya fara kwaikwayon kiɗa da rula. Malam ya tsawatar, aka yi shiru, amma kafin a tashi tara sunan ya riga ya bi makaranta.

Ranar ban bi ta rumfar Kaka ba, alhali kullum ta nan nake bi in gaishe shi. Na yi kwana biyar ina zagayawa ta bayan masallaci. Rana ta shida ya aiko ƙanwata ta kira ni. Na same shi zaune a kan buzu, gizagonsa a gefe. Ya dube ni ya ce, “Abokina, mi na yi maka? Ko ka yi sabon kaka a makarantar boko?” Na sunkuyar da kai na faɗa masa abin da ya faru. Na ɗauka zai ji haushi. Sai ya yi dariya har da tari, ya ce, “Wanga suna ai gaskiya ne. Da sun ce jikan ɓarawo, shi ne za ka yi kuka.” Ni dai a lokacin maganar ba ta sanyaya mini rai ba, don ba shi ne zai zauna a ajin ba.

Abin da ya tsaya mini a rai daga darasin nan ba dariyar ba ce kaɗai. Sunayen nan uku ne da malam ya rubuta. Mutane sun yi aikinsu fiye da shekara ɗari da ta wuce, a wata uwa duniya, amma ga mu a Bagudo muna kwafar sunansu a littafi. Na tambayi Kaka wa ya koya masa. Ya ce wani tsoho ne Bazabarme da ya zauna a Illo, shi kuma a wurin kawunsa ya koya. Na ce wa ya koya wa kawun? Ya ce Allah kaɗai ya sani. Na ce to kai wa ka koya wa? Ya yi shiru yana goge bakin gizago da tafin hannu. Can ya ce, “Ubanka ya iya.” Bai ƙara komai ba.

Wannan ya ba ni mamaki ƙwarai. Babana manomin shinkafa ne, da rani kuma yana ɗan kasuwancin albasa. Ban taɓa ganin ya taɓa molo ba, ko kallon rumfar ba ya yi in ana gwada sabo.

Yawancin masu sayen molon Kaka ba 'yan garin nan ba ne. Daga tsallake suke zuwa, wajen Madekali da Malambil, wasu kuma ta Tsamiya daga Sagbana. Akwai Dandawa, akwai Zabarmawa, akwai Fulani. Duk wanda ya san yankinmu ya san iyakar nan a takarda take. Akwai wanda gonarsa ke Benin gidansa ke Najeriya, akwai mai mata a nan surukai a can. Suna zuwa su ce “fofo”, Kaka ya amsa musu da yarensu, a sha fura, a yi ciniki, wani ya biya da naira wani da sefa. Da gwamnati ta rufe iyakoki a watan Agusta na 2019, ina ƙarami amma na tuna. Kowa maganar shinkafa da fetur yake yi, ba wanda ya tuna da mai molo. Guda huɗu Kaka ya gama a lokacin, suka yi ta rataye a rumfa har gara ta ci ɗaya, ɓera ya huda fatar wani. Tun daga nan ya rage yi. Ga shi kuma samari yanzu waƙa a waya suke ji, a biki ma sai a ɗauko mai na'ura da manyan lasifika. Shekarar da ta wuce gaba ɗaya molo biyu kawai ya haɗa.

Bayan ƙaramar Sallah sai ga wani dattijo daga wajen Madekali. Ya ce molonsa da Kaka ya yi masa tun kafin a haife ni ya tsage, yana son sabo kafin bikin 'yarsa. Ya ajiye rabin kuɗi ya tafi. Kaka ya karɓa, amma ni na ga damuwa a fuskarsa. Hannunsa na dama yanzu rawa yake yi. Sassaƙa yana iya yi a hankali, amma jan fata aikin ƙarfi ne.

Sati biyu ya yi yana fafe itacen. Ni dai ina zuwa bayan Islamiyya in zauna kamar hira ta kawo ni. Yana sara kaɗan sai ya ƙwanƙwasa da yatsa ya kara a kunne. Ya ce in bangon ya yi kauri molo ba zai yi magana ba, in ya yi siriri da yawa kuma zai fashe ranar da aka ja fata. Babu ma'auni, babu rula, kunne ne kawai. Ya ba ni na ƙwanƙwasa, ni wallahi ban ji wani bambanci ba, amma na gyaɗa kai don kar ya ce ban da kunne.

Fatar akuya ce, ɗanya, ba jemammiya irin ta dukawa ba. Aka jiƙa ta ta kwana a ruwa da toka, da safe muka kankare gashin da bayan wuƙa. Wari kam ba a magana. Ƙanwata ta ce kar in kusance ta har sai na yi wanka sau biyu. Dole a ja fatar tana jiƙe, don in ta bushe ita da kanta za ta ƙara ɗamewa. Kaka ya riƙe itacen tsakanin gwiwoyinsa, ya ce in ja gefe ɗaya shi yana kafe ƙananan ƙusoshi. Ya ce da can da tsinken itace ake kafewa. Na ja, ya ce ƙara. Na ƙara, ya ce ƙara kaɗan. Ni kuma ina so in nuna masa ni ba rago ba ne, sai na fizga da duk ƙarfina. Kyat! Fatar ta yage tun daga bakin ƙusa har tsakiya.

Na tsaya riƙe da guntun fata, hawaye ya cika mini ido. Fatar nan saye ya yi, kuma na san kuɗin da aka ba shi ya riga ya shiga cefane. Kaka ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya ce, “Hwata ba a yi mata hushi. Lallashinta aka yi.” Ya ce shi uku ya yaga kafin ya iya, kuma maigidansa bai yi masa magana mai daɗi irin wannan ba, ƙotar gizago ya sha.

Ina da 'yan kuɗi da na tara na tsinkar albasa lokacin hutu, da niyyar sayen takalmin ƙwallo. Ranar kasuwa na je wajen mahauta na sayo wata fatar. A nan asirina ya tonu, don mahaucin abokin babana ne.

Da daddare bayan sallar isha'i Baba ya kira ni zaure. Bai ɗaga murya ba, kuma ni na fi tsoron hakan. Ya ce, “Wa ya sa ka?” Na ce ba kowa. Ya ce ko na san me ya sa ya bar aikin nan? Na ce a'a. Ya ce yana kamar ni ya riga ya iya haɗa gurmi shi kaɗai. Amma duk inda ya shiga sai a ce ɗan mai molo. Da ya tashi neman aure na farko, gidan da ya je suka ce ba sa ba maroƙa 'ya, alhali ba wanda ya taɓa roƙo a gidanmu. Ya ce ban da haka akwai malamai da ke cewa kiɗan tsirkiya ba shi da kyau, kuma mutane suna haɗa garaya da goge da 'yan bori. Ya ce, “Na sha gori ya ishe ni. Ban sa ka boko don ka zo ka gaji gori ba.”

Ban iya ce masa komai ba. Gaskiya ne ana gorin, ni ma ai na ɗanɗana. Maganar malamai kuwa ta fi ƙarfina, ni ɗalibi ne, ban kai in yanke hukunci ba. Abin da na iya faɗa kawai shi ne, “Baba, hannun Kaka ba ya iya ja, kuma ya riga ya karɓi kuɗin mutane.” Ya yi shiru. Can ya ce in je in kwanta.

Washegari Asabar. Na je rumfa da sassafe ina ɗari-ɗari. Mun jiƙa fata tun dare, mun kankare, Kaka ya riƙe itace, na kama gefe. Sai inuwa ta rufe ƙofar rumfa. Baba ne, da fartanya a kafaɗa, hanyar fadama zai bi. Ya gaida Kaka ya tsaya yana kallo. Na fara ja hannuna na rawa. Ya ce, “Ba haka ba.” Ya jingine fartanya, ya tsuguna, ya karɓi fatar. Bai ja gefe ɗaya ba. Ya ɗan ja nan a kafe, ya koma daidai kishiyar wurin ya ja a kafe, sannan ya juya itacen, yana zagayawa kaɗan-kaɗan kamar mai ɗaure kaya a kan jaki. Yana yi yana danna tsakiyar da babban yatsa. Kaka bai ce uffan ba, ƙusa kawai yake miƙa masa. Ba su dubi juna ba har aka gama. Baba ya wanke hannu a buta, ya ce a ajiye a inuwa kar a sa a rana, kamar Kaka bai sani ba. Ya ɗauki fartanyarsa ya wuce.

Kwana uku fatar ta yi tana bushewa. Tun tana da ɗan danshi Kaka ya tsaga wuraren da sanda za ta bi, ya zura ta ta ƙarƙashin fata har bakinta ya leƙo ta wani rami da ya yanka kusa da ƙarshe. A wannan bakin ake ɗaure tsirkiya. Ɗaya ƙarshen kuma ana ɗaure shi a jikin sanda da siririyar igiyar fata da aka naɗa kamar zobe. In kana so murya ta hau sai ka tura zoben sama, in kana so ta sauka ka dawo da shi. Jita tana da kunnuwa da ake murɗawa, molo ba ruwansa da wannan. Sai ɗan guntun itace da ake sa wa a kan fata ya ɗaga tsirkiyoyin, sunansa jaki, wai don shi ke ɗauke da kaya. Tsirkiyar kanta da can gashin wutsiyar doki ake murɗawa. Yanzu ina dokin yake? Zaren ƙugiya muke saye wajen Sarkawa masu kamun kifi a gulbi, mai kauri da marar kauri. Kaka ya ce na doki ya fi daɗin murya, na masunta ya fi jure wahala. Ya ce kuma molo yana jin yanayi kamar mutum. Da hunturu fata kan ɗame murya ta yi sama, da damina ta saki har sai an ɗan kara ta kusa da wuta.

Da ya gama ɗaurewa ya kaɗa sau ɗaya, ya tura zobe, ya sake kaɗawa. Sai ya miƙo mini ya ce, “Ji.” Na sa yatsa na taɓa doguwar tsirkiya. Sautin ya shiga har cikina, na ji itacen yana rawa a kan cinyata. Itacen da na ga an sara, da fatar da na sayo da kuɗin takalmina. Kaka ya ce wannan ba bebe ba ne.

Mai shi ya zo kwana biyu kafin bikin. Ya zauna ya yi ta kaɗawa har yaran unguwa suka taru, cikinsu har da ɗaya daga masu yi mini dariya a aji, ba zan faɗi sunansa ba, ya san kansa. Dattijon ya cika kuɗi da sefa, ya naɗe molon cikin tsohon zane, ya ɗaure a bayan babur suka nufi Lolo. Kaka ya ba ni kuɗin fatata. Na ƙi karɓa, ya ce in ban karɓa ba kar in sake zuwa rumfarsa, sai na karɓa. Takalmin dai har yanzu ban saya ba, don kafin in koma ya ƙara kuɗi.

Ni da Baba mun yi yarjejeniya, ko in ce shi ya yanke ni na amsa. Zan iya zuwa rumfa ranar Asabar kawai, bayan na gama aikin gona. Ba zan yi kiɗa a taro ba. In sakamakon jarrabawata ya sauka ko da mataki ɗaya, magana ta ƙare. Bai ce ya yarda in gaji sana'ar ba, ni ma ban ce zan gada ba. Har yanzu ina son zama injiniya. Kuma ban san ko nan da shekara goma za a sami mai sayen molo ba, Kaka da kansa ya ce ba ya tsammani.

Na sayi littafi mai shafi arba'in ina rubuta duk abin da ya faɗa, da zanen kowane mataki. Na so in sa sunansa a takardar nan kamar yadda malam ya sa na kafintocin Hawayi a allo. Ya hana. Ya ce shi ba ɗan siyasa ba ne da za a liƙa shi a bango. Amma a littafina na rubuta, da na tsohon da ya koya masa a Illo.

Yanzu gurmi na fara, nawa na kaina. Duma biyu na fasa kafin na uku ya yanku daidai. Abin da ya rage mini fata ce. Babbar Sallah ta kusa, don haka duk wanda za a yanka akuya a gidansu kuma ba a yi alkawarin fatar ba, don Allah ya neme ni a aji biyu. Kar a sa mata gishiri da yawa, kuma a lura da wuƙa wajen fiɗa, ko ƙaramin huji ne ba za ta yi ba. In ba ka san sunana ba ka tambayi Jikan Mai Molo, za a nuna maka.